Madubin Dama na Motar Farfesa

Da hantsi, Sufeto yana ofis yana fama da fankar da ta ƙi juyawa, aka bugo waya daga jami'ar gwamnati. Mota ta buge wata ɗaliba a bayan babban ɗakin taro, ko shurawa ba ta yi ba. Mai motar kuma bai tsaya ba.

Ranar taron tsofaffin ɗalibai ce. Tun daga bakin ƙofa motoci sun yi jerin gwano, masu tuta da masu jiniya. Saje, wanda ke tuƙa Sufeto, ya dinga leƙe yana kaɗa kai.

"Yallaɓai, yau in ka jefa dutse a nan, kan wani babba zai faɗa."

"To riƙe dutsenka," in ji Sufeto.

Hanyar bayan ɗakin taron siririya ce, miƙaƙƙiya, an keɓe ta don manyan baƙi. An rufe gawar da zane a gefen dama, takalmi ɗaya na can ya yi nisa. Magatakardan jami'a na tsaye yana share gumi.

"Wace ce?"

"'Yar ajin ƙarshe ce a sashen likitanci. Ita ta roƙa a sa ta cikin masu nuna wa baƙi hanya."

"Wa ya gani?"

"Babu. Kowa na ciki, ana jawabi."

Sufeto ya ɗaga zanen. Rigar masu tarbar baƙi ce a jikinta, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Ya mayar da zanen a hankali, ya bi titin da ƙafa, sama da ƙasa, kansa a sunkuye. Babu alamar birki ko kaɗan. Cikin ciyawa ya tsinci madubin gefe na mota, tsohon yayi, ya karye daga gindi.

"Na dama ne," ya ce da Saje. "Gari a waye tar, hanya fetal, riga kamar wuta, amma bai ko taɓa birki ba. Je ka duba motocin manya ɗaya bayan ɗaya."

Magatakarda ya ja shi ciki ta wani dogon baranda. Nan Sufeto ya rage sauri ba tare da ya sani ba.

Hotuna ne a jere a bango, na waɗanda jami'ar ta yaye. Ga injiniyan da ya gina gadar da yake haye kullum da safe. Ga matar da ta fara tuƙa jirgin sama a ƙasar. Ga masanin noman da irin da ya ƙirƙiro ya raba ƙauyuka da yunwa. Dukkansu a kan bencin nan suka zauna, famfon nan suka yi wa layi. Sufeto, wanda karatunsa ya tsaya a sakandare, ya ji hularsa ta yi masa nauyi, ya cire ta.

A ƙarshen layin ya tsaya cak. Hoton wani Farfesa ne, likitan ido, wanda ake ce wa Mai Buɗe Ido. Shekarun baya mahaifiyar Sufeto ta makance, sai an ja ta. Mutumin nan ya yi mata aiki a tantin wani asibitin ƙauye. Da aka kwance bandejin, ta dubi ɗanta ta ce, "Ashe har ka yi furfura?"

"Shi ne babban mai jawabi yau," Magatakarda ya ce cikin raɗa. "Mutane har kuka suka yi."

A ɗakin hutun baƙi suka tarar da Mai Shari'a, tsohuwar babbar alƙaliya. Sufeto ya sha ba da shaida a gabanta yana taka-tsantsan. Yau ma sai da ya gyara tsayuwa.

"Ranki ya daɗe, an ce motarki ta bi hanyar baya."

"Ta bi. Yarinyar ce ma ta nuna mana wurin tsayawa, tana murmushi."

"Wa ya shigo bayanki?"

"Motar Farfesa. Direbansa ke tuƙi."

"Ban tambayi mai tuƙi ba, ranki ya daɗe."

Ta ajiye kofin shayinta, kofin ya ɗan yi ƙara a kan faranti.

"Na san abin da za ka tambaya ne, Sufeto. Na fi ka daɗewa a wannan aiki."

Ya rusuna ya fita. A gabanta ya koyi cewa shaidan da ya riga tambaya amsawa, akwai abin da yake tarewa.

Saje na jiransa a wurin ajiye motoci, kusa da wata tsohuwar farar mota mai sheƙi. Madubin dama babu, ƙofar ta lotsa. Wani dattijo gajere, mai tabarau, yana tsugune a inuwarta. Yana ganin kaki ya miƙe ya haɗa hannuwansa biyu.

"Ni ne, yallaɓai. Ni na buge ta. A tafi da ni."

"Kai ne direban Farfesa?"

"Tun kafin a haifi 'ya'yansa."

"Yaya aka yi?"

"Tsallakowa ta yi daga hagu. Na taka birki iya ƙarfina, mota ta ƙi."

"Ka taka birki?"

"Har taya ta yi ƙara."

"Baba, titin nan ko zane ɗaya babu. Kuma madubin dama ne ya karye. Wanda ya fito daga hagu, ta yaya zai karya madubin dama?"

Dattijon ya juya ya dubi ƙofar da ta lotsa.

"Ina kake lokacin?"

Sai ya cire tabarau, hawaye na bin kumatunsa.

"Idon nan biyu da kake gani, Farfesa ne ya ba ni su, bayan Allah. Ni me zan tsinana a waje? Shi kuwa gobe ma akwai masu jiransa a ɗakin tiyata. Ka rufa mana asiri, ɗana. Ka ɗauke ni."

"Ba a biyan rai da ran wani, Baba," Sufeto ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Saje, ba shi kujera."

Farfesa na zaune shi kaɗai a ofishin shugaban jami'a, da jar rigar girmamawa a jikinsa, fuskarsa na kallon taga. Dogo ne, gashinsa fari fat. Hannuwansa na kan teburi, siraran yatsu, ko motsi ba sa yi. Sufeto ya daɗe yana kallon hannuwan nan.

Ƙofar na gefen dama. Sufeto ya shiga a kan darduma, bai yi sallama ba, ya tsaya dab da kafaɗar Farfesa. Ya ɗaga karyayyen madubin, ya kai shi kusa da kuncinsa, ya kaɗa. Hasken taga ya faɗa kan gilashin, ya haska kunnen tsohon.

Farfesa bai ƙifta ba.

Sufeto ya sauke hannunsa. Ya zagayo gaba, ya ajiye madubin a tsakiyar teburi.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

Farfesa ya ɗan zabura. Ya dubi kakin, ya sauke kai gaba ɗaya kafin ya sami madubin.

"Tun yaushe kake nan?"

"Na ɗan jima. A damanka."

Tsohon ya yi wani guntun murmushi mai ciwo.

"Gwajin da nake koya wa ƙananan likitoci a asibitina ke nan. Ka yi shi daidai."

"Tun yaushe, ranka ya daɗe?"

"Ya daɗe yana ci na. Hawan jinin ido ne. Daga gefe yake farawa, kamar gara a jikin ƙofa. Yanzu duniya ta cikin bututu nake ganinta. Abin da ke gabana tar, abin da ke dama babu shi. Da mara lafiya ne ya zo min da irin wannan ido, da a ranar na karɓe makullin motarsa."

"Me ya sa ka tuƙa?"

"Da ƙafa na fara shigowa makarantar nan, takalmina a hannu don kada ya cinye. Kowace shekara ni ke shigo da motata da kaina. A bakin ƙofa na sauke direba, na ce ya tako. Ya roƙe ni, na daka masa tsawa." Ya taɓa karyayyen madubin. "Na ji ƙara. Na ce wa raina allon hanya ne. Ban tsaya ba, Sufeto, don ina tsoron in tsaya in ga ba allo ba ne. Na hau mumbari na yi wa yara wa'azin riƙon amana, suna tafi."

"Mai Shari'a fa?"

"Ajinmu ɗaya. Ta ga na fito daga mazaunin direba. Da labari ya zo, ita da direban suka ƙulla abin da suka ƙulla, ni kuma na yi shiru. Shirun nan ya fi bugun muni. Kada ka taɓa dattijon nan. Ni na kashe ta."

Ya miƙe, ya tuɓe jar rigar, ya ninke ta da kyau a kan kujera. Ya miƙo hannuwansa. Saje, da ya shigo da ankwa, ya tsaya yana kallon yatsun, ya kasa matsowa. Sufeto ya karɓa ya sa masa da kansa, sannan ya kama damtsensa na dama.

Labari ya riga su fita. Barandar ta cika maƙil da ministoci, janar-janar, malamai da ɗalibai, amma ko tari babu mai yi. Suka dare biyu. Mai Shari'a na tsaye a jikin bango, ta dubi Sufeto ta ce, "In ka gama, ka aiko a ɗauki bayanina. Na gaskiyar."

A bakin matakala wani mutum na tsaye cikin kayan aikin kanikanci, da alama daga gareji aka kira shi. Takalmin mace ɗaya ne a hannunsa. Farfesa zai wuce shi, bai san da shi ba.

Sufeto ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, mahaifinta na damanka."

Farfesa ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, har ya sami fuskar mutumin. Suka dubi juna.

"Kai ne?" mutumin ya ce. "Jiya ta hana mu sakat, wai yau za ta gan ka ido da ido."

Farfesa ya sunkuyar da kai, Sufeto ya sauko da shi matakalar. Saje ya buɗe bayan motar 'yan sanda, Sufeto ya dafa kan tsohon don kada ya bugi ƙarfe, suka shigar da shi.