Kofin da Ya Kalli Bango

"Karanta min."

Sailuba ba ta ɗago ba.

"Na ce ki karanta min abin da aka rubuta a jikin kofin nan!"

Yayanta ne, Dakta Umaru. Shi ya miƙa hannu ya ciro kofin daga ƙusarsa a jikin azara, ya kawo shi har gaban idonta. Farin kofin ƙarfe ne mai mariƙi. Sama da kawunansu akwai irinsa sun fi ɗari biyu a rataye, kowanne da sunan mai shi.

"Sailuba..." Ta karanta a hankali.

"Na ƙasan fa?"

"Yahuza."

"Sunan Baba!" Ya buga kofin a kan kanta. "Sunan Baba a gidan giya, a ƙauyen Turawa! Mutumin da ke jan sallah a unguwarmu!"

"Wallahi Yaya ruwan tuffa nake sha a ciki. Ban taɓa..."

"Rufe min baki."

Ranar Litinin ce da azahar, cikin kakar 1986. Daga ofishinsu na unguwar Southwest ya ɗauko ta, bai gaya mata inda za su ba, suka wuce garin Manassas, suka kama hanyar gonakin Virginia. Da ta hango allon gidan giyar mai zanen jan zakara, ta gane.

Ba baƙo ko ɗaya a gidan. Litinin ce ranar da Olive, tsohuwar da ke da wurin, take fita da mai dafa abincinta su zagaya gonaki sayen nama. Mutum ɗaya aka bari a bayan kanta: Irene, 'yar Jos mai kai wa baƙi abinci. Tana ta goge kofin da ya riga ya bushe.

"Wuce mota," in ji Umaru.

Ta wuce, hawaye ya rufe mata ido. Ba ta waiwaya ba. Ta dai ji ƙarar ƙarfe a bayanta lokacin da ya mayar da kofin kan ƙusa.

Shekara ɗaya da rabi kafin wannan, abokan aikinta ne suka kawo ta gidan. Tsohon gini ne na dutse, rufinsa a ƙasa-ƙasa, da murhun itace a tsakiyar zaure. Manoma na shigowa da taɓo a takalmi, kowa ya ciro kofinsa da kansa. Aka ba ta takardar abinci ta duba. Alade. Alade. Alade da wake.

"Innalillahi," ta ce a hankali.

"Baiwar Allah, yunwa za ta kashe ki a nan."

Da Hausa! Ta juya a firgice. Dogo ne baƙi, da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu. Bai yi murmushi ba. Ya koma ciki, ya dawo da haƙarƙarin rago a gashe, da dankali, da burodin masara mai zafi. Ya zaro ƙullin yaji daga aljihu ya ajiye mata.

"Yankana ne. Tukunyata daban, wuƙata daban. Ci."

Almu ke nan. Ɗan Funtua. Karatu ya kawo shi, karatun ya tsaya, murhu ya karɓe shi. Ba ya zuba giya, ba ya taɓa alade, a kan haka suka shirya da Olive.

Tun daga ranar, duk Lahadi sai Sailuba ta zo. A gida ta ce laburare take zuwa. Teburinsu na kusa da taga. Yakan dafa mata ruwan tuffa da kirfa, ya zauna yana kallonta tana hurawa.

"Me kake kallo?"

"Rabona."

"Kai dai ka iya magana."

"Kalma ɗaya na faɗa, Luba."

Ranar da Sailuba ta cika shekara tana zuwa, Olive ta hau kujera da guduma ta buga sabuwar ƙusa kusa da ta Almu. Manoma suka yi ta tafi. Al'adar gidan ce tun zamanin kakan mijinta: wanda ya shekara yana zuwa, a rataye masa kofi. In bakin kofi na kallon ƙofa, mai shi na nan, zai dawo. In yana kallon bango, ya tafi ke nan, ko ƙaura ko mutuwa. Kuma ba mai juya kofi sai mai shi.

A ranar ne Almu ya roƙe ta abu ɗaya.

"Yayanki likita ne. Ni ɗan kicin ne a mashaya. Na san abin da zai ce."

"Bai san ka ba ne."

"Saurara, hasken idona. In suka ƙi, kada ki faɗa min da bakinki. Ba zan iya ji ba. Ki zo ranar da ba na nan, ki juya kofinki ya kalli bango. Zan gane. Ba zan kira ki ba, ba zan je ƙofarku in zubar miki da mutunci ba. Akwai jiragen kamun kifi a Alaska, suna neman mai dafa abinci."

Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Sai dai bangon ya taso ya zagayo gabansa!"

Shi bai yi dariya ba.

Bayan waccan Litinin, Umaru ya karɓe makullin motarta. Shi ke kai ta ofis daga gidansu na Mitchellville, shi ke ɗauko ta. A gida ba ya amsa gaisuwarta.

Daga ofis take buga waya gidan Olive. Kullum Irene ce ke ɗauka.

"Ayya 'yar'uwa, yana kan wuta."

"Ki ce masa ina nan. Ki ce ya yi haƙuri, ina kan lallashin Yaya."

"Zan faɗa masa."

Washegari ma haka. "Yanzu ya fita." Jibi ma haka. "Na faɗa masa, ya ce to."

Sailuba ta daina cin abinci. In matar yayanta ta zuba mata nama sai ta tsura masa ido, ta ture kwanon. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Ran nan da asuba ta durƙusa a ƙofar ɗakin Umaru.

"Yaya, ban ce ka yarda ba. Ka bincika kawai. In ka ji ya taɓa kai giya bakinsa, na haƙura har abada."

Ya tsallake ta ya wuce.

Amma ya bincika. Ranar Juma'a ta uku ya dawo daga masallaci, ya zauna a falo da takalmi a ƙafa. Ya kira ta.

"Kin san wa ke yanka naman da muke ci a gidan nan?"

Ta girgiza kai.

"Na tambayi liman. Ya ce duk ragon da ke shigowa gidajenmu daga gonakin Virginia, yaro ɗaya ne ke zuwa ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka. Har ragon sunan ɗana." Ya shafa fuska. "Shekara uku ina cin yankansa, ban taɓa tambayar sunansa ba. Ki shirya ranar Lahadi. Zan je in ga mutumin nan."

Ta faɗi a ƙafarsa tana kuka.

Ranar Lahadi ta sa atamfar da Almu ya fi so, shuɗiyar nan. Ganyen itatuwa duk sun yi ja a bakin hanya. Tun kafin mota ta gama tsayawa ta buɗe ƙofa.

Gidan cike yake. Hayaƙin itace, ƙanshin tuffa, manoma na dariya. Da ta shigo, dariyar ta mutu.

Ta ɗaga kai.

Kofinta na kallon bango.

Na Almu, kusa da shi, yana kallon bango.

Olive ta fito daga bayan kanta tana share hannu. Ba fara'a a fuskarta.

"Me kuma kika dawo yi, 'yata? Kin riga kin ba shi amsa."

"Wace amsa? Ban juya ba! Wallahi ban juya ba!"

"Mun dawo daga gona ran Litinin ɗin nan, ya shigo da rago a kafaɗa, ya ɗaga kai. Ragon ya faɗi ƙasa. Kwana goma yana shigowa da safe ya duba, ko za ki zo ki gyara. Ran na sha ɗaya ya juya nasa."

"Ina yake?"

"Bai bar adireshi ba. Ya ce teku ba ta da adireshi."

Umaru na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Wai mene ne? Kofin? Ni na mayar da shi. Na rataye shi ne kawai yadda hannuna ya kai..."

Sailuba ta dube shi. Ta ga bai san komai ba. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan: ba ta da wanda za ta tsana a nan.

Sai ta tuna.

Ta juya. Irene na tsaye da faranti biyu a hannu.

"Kina nan ranar."

Irene ta kawar da kai.

"Kin ga wanda ya rataye shi."

"Na gani."

"Saƙonnina fa?"

Irene ta ajiye farantan a kan tebur.

"Ni na kira yayanki. Ni na zaɓi Litinin. Shekara huɗu ina kusa da murhunsa, Sailuba, ko sau ɗaya bai dafa min ruwan tuffa ba. Na ɗauka in kika tafi zai waiwayo..." Hawaye ya gangaro mata. "Ko sallama bai yi min ba."

Sailuba ba ta mare ta ba. Ba ta da ƙarfin ɗaga hannu don wannan.

Kujera ta jawo ta hau. Ta ciro kofinta, ta juya shi, ta rataye. Bakinsa ya kalli ƙofa. Sannan ta kai hannu ga na Almu.

"A'a." Olive ta riƙe mata gefen zane. "Sai mai shi."

"Nawa ma ba mai shi ce ta juya ba!"

"Na sani, 'yata. Kin ga abin da hakan ya jawo."

Hannunta ya tsaya a iska. Yatsa ɗaya ta ɗora a kan sunansa. Ƙarfen ya yi sanyi.

Ta sauko.

"Luba," in ji Umaru. "Ki yafe min. Zo mu tafi gida. Zan sa a nemo shi, ko ina ne."

"Ka je, Yaya. Yau Lahadi ce."

Ta wuce teburin kusa da taga. Ba ta zauna a kujerarta ba. Ta zauna a ta Almu, wadda ke kallon ƙofa.

Olive ta kawo mata ruwan tuffa da kanta, a kofin da ake ba baƙi, don Sailuba ta hana a sauke nata.

Ta kurɓa sau ɗaya.

Ba kirfa. Ba wanda ya san ana sa mata.

Ƙofa ta buɗe, iska ta shigo, kofunan sama suka gogi juna.

Ta miƙe tsaye.

Wani manomi ne, da taɓo a takalmi.

Ta koma ta zauna.