Kukis Ɗin Biron Balkisa

A shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma na riƙe da mulki, Abdulaye ya fara ganin Balkisa a wani ƙaramin biro, wato ofis, da ke unguwar Banifandou. Ita ke kula da jerin ƙauyukan da za a kai wa hatsin agaji. Shi kuwa gyaran kwamfuta aka kira shi.

"Tsohuwar na'urar nan kaɗai ke shiga shafinmu," in ji ta. "Mai lambar sirri ya bar aiki, an rasa inda yake. Ga ta tana mutuwa tana farfaɗowa, gobe kuma motoci za su tashi."

"Kukis ɗinta za mu kwashe," ya ce. "'Yan bayanai ne da shafi ke ajiyewa don ya gane mai shiga. Sai dai sabuwar na'urar ba ta karanta irin wannan fayil."

Ya zauna ya rubuta layuka talatin da harshen kwamfuta na Python, ya juya fayil ɗin zuwa irin wanda sabuwar ke ganewa. Karon farko shafin ya ƙi, don lissafin ranar ƙarewar kukis ɗin ya bambanta. Ya gyara. Kafin la'asar sunayen suka bayyana. Balkisa ta sauke ajiyar zuciya, ta nemi lambarsa.

Daga nan saƙonni suka kankama.

"Sanyin idona, kin ci abinci?"

"Na ci, injiniyana. Hatsi ya isa ƙauyuka arba'in."

Da maganar aure ta taso, Sanusi, wani ma'aikacin gwamnati da ya daɗe yana nemanta, ya je wa mahaifinta da cewa Abdulaye ɓarawon intanet ne. Tsohon ya ce kada ya sake ganin Abdulaye a ƙofar gidansa. Kwana tara Balkisa ba ta amsa waya ba.

Abdulaye ya rubuta: "Balkisata, a gabanki na yi aikin nan. In kin ga sata, ki faɗa min."

"Ban gani ba. Umarnin Baba nake bi. Yi haƙuri da ni."

Ita ce ta roƙi shugabarta, Madam Halimatou, ta je gidan.

"Alhaji, ni na sa shi, da izinina ya yi," in ji matar. "Ba don yaron nan ba, da mutane sun yi sati babu tsaba."

Tsohon ya ce, "Na yi gaggawa. Ya turo magabatansa."

Bayan girbi aka ɗaura auren a Saga. Mahaifin ya riƙe hannun Abdulaye ya ce, "Ga amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Jama'a suka amsa da amin.