Ɗan Aiken Gidan Malam Jibo

"Kumasi?! Zalihatu, Kumasi fa kika ce?"

Ilyasu ya jingina kekensa da bangon shagon ɗinkin da take koyon aiki a Sabon Gari. Kwandon tumatir ɗin da ya ɗauko daga Jiratawa ya kusa kifewa.

"Rage murya mana, mutane na kallonmu."

"Su kalla! A bakin direban kamiyo zan ji tahiyarki? Mi na yi miki?"

"Ba ka yi mini komi ba, Ilya..." Ta sunkuyar da kai, tana wasa da almakashi. "Na gaji ne. Wallahi na gaji."

Ya san abin da ya gajishe ta. Duk Tsibiri babu wanda bai sani ba.

Tun farin farko, shekarar da soja suka karɓi mulki, mahaifinta Malam Jibo ya sayar wa mahauta saniyar da matarsa Ramatu ta gada, ba tare da ya shawarce ta ba. Yunwa ta riga ta kwantar da saniyar, amma Inna Ramatu ta faɗa masa magana mai zafi a gaban maƙwabta. Daga ranar ba su sake ce wa juna uffan ba. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, amma komai sai ta bakin 'yarsu tilo. "Ki faɗa wa ubanki gero ya ƙare." "Ki faɗa wa uwarki ba ni na hana ruwan sama ba." Tana 'yar ƙarama ta fara, ga shi har wani farin ya sake zagayowa.

Sau biyu magabatan Ilyasu suna zuwa neman aurenta. Karon farko Malam ya amince, don haka Inna ta ce atafau. Karo na biyu Inna ta sauko, sai Malam ya ce ya sake shawara.

"Gwaggo Tasalla na da shagon ɗinki a zangon Kumasi," in ji Zalihatu. "Ta ce in zo."

"Kuma Baba ya yarda?"

"Inna ta ce ba inda za ni. Yana jin haka ya sa hula, ya kai ni komisariya wurin 'yan sanda da kanshi aka yi mini takardun tahiya!"

Bai so ba, amma dariya ta kuɓuce masa. Ita ma ta kama, har hawaye ya zubo mata, daga nan ya koma na gaske.

"Zo mu tahi tare, masoyina..."

"In bar wa wa tsohuwata? In ban yi ban ruwa ba, gidanmu ba a ɗora tukunya." Ya ja numfashi. "Je ki, abar ƙaunata. Ba zan tare miki hanya ba. Amma ki sani, ban fasa ba."

An rufe iyakar Najeriya a lokacin, don haka ta Yamai ta bi. Shi ya ɗora mata jakarta a tasha, ya tsaya har motar ta wuce shingen jandarma. Sannan ya tura kekensa da ƙafa, don idonsa ba ya ganin hanya.

Ranar Laraba ta gaba ya nufi Tsibiri. Rumbuna duk wayam, mata sun yi layi a inda soja ke rabon hatsin taimako. A Jiratawa kuwa ruwan kanal da suke ban ruwa da shi bai yanke ba, don haka ya cika kwando da tumatir, albasa da ɗan kabewa.

Ya tarar da gidan Malam Jibo tsit. Malam na ƙarƙashin dalbejiya da carbi, Inna na bakin murhu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Bai gama gaisuwa ba Inna ta ce, "Yauwa, ɗan nan. Ka faɗa wa mai gidan nan ƙofar ɗakin girki ta ɓalle."

Malam ya ce, "Ka faɗa wa matar can na gani."

Ilyasu ya dubi wannan, ya dubi waccan. Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba! Nan ya ji a jikinsa abin da Zalihatu ta ɗauka tun tana yarinya.

Haka ya zama ɗan aike. Duk mako yana zuwa, su tara masa saƙonni kamar kayan wanki. Ya daure, ya daure, har ranar da Inna ta ce, "Ka ce mishi babbar rigarshi ta yi dauɗa, kamar ta mai gawayi."

Ya taka zuwa gindin bishiyar, ya durƙusa, ya ɗaga murya da gangan.

"Baba, Inna ta ce ka ba da rigarka ta wanke. Ta ce tun da ɗiyarku ta tahi ba ta da kowa a duniya sai kai, kuma ramar da kake yi tana hana ta barci."

Ludayi ya faɗi ƙasa.

"Ƙarya yake! Malam, wallahi ban ce haka ba!"

Inna ta dafe baki da hannu biyu. Malam Jibo ya juyo a hankali, ya daɗe yana kallonta.

"Na sani, Ramatu. Yaushe kika iya magana mai daɗi haka?"

"Au! Kai ka iya? Mutumin da ya sayar mini da saniya!"

"Da ban sayar ba, da mi kuka ci ke da yarinyar?"

"Da ka tambaye ni! Tambaya kawai, Malam... da ni da kaina zan ja maka igiyar."

Malam ya aje carbinsa. "Ban kyauta ba. Na daɗe da sani."

Ilyasu ya sulale ya ɗauki kekensa. Yana bakin zaure ya ji an haɗa baki an daka masa tsawa: "Kai, maƙaryaci! Dawo nan!"

Bayan an kwashe albasa ya bar wa ƙanensa Shaibu gonar da tsohuwarsu na ɗan lokaci, ya hau mota. Ya sha shingaye, ya sha ƙura, ya isa Kumasi da riga ɗaya da ƙafafu a kumbure. Koren garin kaɗai ya sa shi sakin baki.

Ya same ta a kan keken ɗinki, ta yi ƙiba, tana ciniki da wata mata cikin yaren da bai taɓa ji ba. Tana ɗago kai ta miƙe zumbur.

"Ilya! Wa ya rasu?"

"Ba kowa! Faɗa suke yi, 'yar lelena. Safe da yamma, baki da baki! Maƙwabta har sun fara kai ƙara wurin mai unguwa."

Ta zauna daɓas. Da ya gama ba ta labari tana dariya tana share ido da ƙyallen mutane.

"Kuma sun ba ni ke. Su biyu, a zama ɗaya."

"Ni fa? Wa ya tambaye ni?"

"Shi ya kawo ni."

Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa da suka fashe.

"Sai na gama koyon aikina."

"Zan jira."

"Kuma ba zan zauna Tsibiri ba."

"Jiratawa akwai ɗaki, akwai masu son ɗinki."

"To... na yarda, maƙaryacina."

Gwaggo Tasalla, da ke laɓe bayan labule tun shigowarsa, ta rangaɗa guɗa har 'yan zango suka fito.

Da damina ta dawo, gero ya yi kai, Zalihatu ta gama koyon aikinta ta dawo gida, aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Jibo. Amarya ita ta ɗinka kayanta da na angonta. Da za a tafi da ita, ta durƙusa gaban iyayenta tana kuka. Malam ya dafa kanta.

"Mun wahalshe ki, ɗiyata. Ki yafe mana."

Inna ta rungume ta. Sai da motar amarya ta ɗauki hanyar Jiratawa sannan Zalihatu ta ɗaga mayafi, ta ga gonaki kore shar hagu da dama, ga Ilyasu can gaba a kan kekensa yana ta buga ƙararrawa, ya ƙi yarda direba ya wuce shi.