Faranti Uku a Hannu Ɗaya

Minti arba'in ke nan suna zaune, ko ruwan sha ba a ajiye musu ba.

Auta ta damƙe gefen mayafinta a ƙarƙashin tebur. Ta taga tana hango teku a kwance, rana ta zuba masa launin zuma, ƙananan jirage suna lilo kamar masu gyangyaɗi. Shekara guda tana mafarkin wannan yammacin: ga Yaya, ga Anti matarsa, ga Dogo a gefenta cikin farar riga. Bara ta zo garin nan yawon buɗe ido da ƙawayenta, shi ya kawo mata shayi a gidan abincin da yake aiki, ya ajiye kofin ba tare da ya yi ƙara ba, ya ce, "A yi a hankali, da zafi." Daga nan zuciyarta ba ta koma gida tare da ita ba.

Tun rasuwar Baba, maganar aurenta a hannun Yaya take. Da ƙyar ya yarda su zo hutu nan. Zama ɗaya ya ce zai yi da yaron, gobe da safe su tafi.

Sai dai akwai abin da Dogo bai sani ba. Auta ta ce wa Yaya manaja ne a kamfanin yawo da baƙi. Shi ya sa ta zaɓi wannan wuri, can ƙarshen gari, inda ba wanda zai gane shi.

"Wai kifin nan yanzu suka tafi kamo shi?" Anti ta ce tana fifita da takardar jerin abinci.

Yaya bai yi dariya ba. Ya ɗaga hannu karo na huɗu.

"Baiwar Allah!"

Budurwar da ke kula da teburinsu ta taho tana jan ƙafa, jan baki raɗau, cingam a baki. Ba ta kalli Yaya ba. Dogo ta kalla, ta yi masa wani irin murmushi.

"Ana zuwa," ta ce, ta wuce.

"Ka san ta?" Auta ta raɗa.

"Mun yi aiki tare." Ya gyara zama. "Ta so abin da ban so ba."

Auta ta ji kamar an zare kujerar da take kai.

Waɗanda suka shigo bayansu har sun ci sun wanke hannu. Nasu teburin yana bakin ƙofar kicin, duk wanda ya fito sai ƙofar ta bugi kujerar Anti. Da aka kawo lemo, ɗumi ne, kofi biyu ga mutum huɗu, ɗaya da shatin jan baki a bakinsa.

Yaya ya ture kofin. "Malam, kai da kake manaja, haka kake kawo baƙin kamfaninku irin wannan wuri?"

Dogo ya juyo a hankali.

"Manaja?"

"Ba haka Auta ta ce ba?"

Ya dube ta. Ba faɗa a idonsa, ba tambaya. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Masoyina..." Muryarta ko ita ba ta ji ba.

Ya kawar da kai zuwa tagar kicin. Akwai wata siririyar wayar ƙarfe a miƙe a wurin, inda ake maƙala takardun oda bi da bi, mai dafa abinci yana cira daga dama. Auta ta bi idonsa. Tana gani mai jan bakin ta zare takardarsu da ta kusa kaiwa gaba, ta mayar da ita can baya, ta waigo tana kallon Dogo.

Auta ta san shi. Ta san ba ya iya zama yana kallon tebur da yunwa.

"Kar ka tashi," Auta ta ce, hawaye na taruwa. "Don Allah, rabin raina... kar ka tashi."

"Anti tun safe ba ta ci komai ba," in ji Dogo.

Ya miƙe.

Ya naɗe hannun farar rigarsa. Ya je tagar, ya yi wa mai dafa abinci magana biyu, ya mayar da takardar inda ya kamata. Ya ɗauko kofuna huɗu, ya ɗaga kowanne ga haske, ya goge. Ya janye teburinsu daga bakin ƙofa zuwa jikin taga, inda iskar teku take shigowa, ya gyara wa Anti kujera.

Sannan ya fito da abincin.

Faranti uku a jere a hannun hagu, daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, na huɗu a dama. Yana ratsa tebura kamar ruwa, tururin kifi da shinkafa yana bin kafaɗarsa, hasken yamma a fuskarsa. Auta ta manta da tsoro na ɗan lokaci. Haka ta fara ganinsa. Wannan ne mutumin da ta so, ba wanda ta ƙirƙira wa Yaya ba.

Ya ajiye wa Yaya nasa, ko ƙara babu.

Mai jan baki ta tafa hannu daga nesa. "Su manaja, hannu bai manta ba! Gobe ma kana da aikin safe, ko?"

Yaya ya ajiye cokali.

"Sabis ne kai, mai kai wa mutane abinci?"

"Shekara shida, Yaya."

"Auta!"

Ta miƙe.

"Ni na yi ƙarya, Yaya. Shi bai sani ba. Na ji tsoron za ka ce bai kai ba... na ji kunyar abin da shi bai taɓa jin kunyarsa ba." Ta share fuska da bayan hannu. "In za ka hana, ka hana saboda ni. Amma wallahi ba wanda nake so sai mai ɗaukar farantin nan!"

Har mutanen teburin kusa suka daina tauna.

Dogo ya sauke hannun rigarsa. "A ci lafiya," ya ce, ya nufi ƙofa.

"Dawo nan," in ji Yaya.

Ya tsaya.

"Ka ba mutane abinci, kai ka tafi da yunwa? Zauna."

Ya dawo ya zauna. Yaya ya ci loma uku. Anti tana ta zungurinsa da gwiwar hannu.

"Ni na raini yarinyar nan," Yaya ya ce daga ƙarshe. "Ban san na zama wanda sai an yi masa ƙarya ba." Ya dubi Dogo. "Da za ka iya yin shiru ka ci a matsayin manaja. Ba ka yi ba. Ka turo manyanka."

Anti ta saki guɗa ƙasa-ƙasa, ta tuna inda take, ta toshe baki. Mai jan baki ta shige kicin, ƙofar ta bugu a bayanta.

Amma Dogo bai kalli Auta ba. Har aka gama.

A waje rana ba ta gama faɗuwa ba. Yaya da Anti suka yi gaba da gangan. Auta ta cire takalmi ta bi shi a kan yashi, ruwa yana zuwa yana lasar ƙafarta yana komawa.

"Yaya ya yarda," ta ce. "Kai fa?"

Ya ci gaba da tafiya.

"Zuciyata, ka yi magana. Ko zagi ne."

"Ranar ɗaurin aure ƙawayenki za su tambaya," ya ce, idonsa a kan teku. "Me yake yi? Me za ki ce?"

"Sabis ne."

"Ban ji ba."

Ta juya ga teku, ga jiragen, ga baƙin da suke ɗaukar hoto, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Mijina sabis ne!"

Wani tsoho da ke gyaran raga ya ɗago kai ya ce, "Allah ya sanya alheri, 'yata."

Sai a lokacin Dogo ya yi dariya. Ya karɓi takalmanta daga hannunta, ya riƙe mata, suka bi bayan su Yaya a hankali.