Ba Laifi, In Ji Ditte

Ranar da Asger ya fara ganin Ditte miyar kabewa ya dafa, kuma ita kaɗai ce ba ta yaba ba.

Sababbin ɗalibai ne suka iso tsohon gidan gonar nan na kusa da Lemvig, can yamma a bakin teku, wanda aka mayar makarantar koyon tausa da yoga da girkin lafiya. Yawancinsu daga Kopenhagen suka zo, kuma mutanen birni akwai baki. Wannan ta ce miyar ta taɓa mata zuciya, wancan ya ce tun da aka haife shi bai ci irinta ba. Kabewa ce fa da citta.

Ditte tana can ƙarshen tebur, tana kai cokali baki kamar mai shan magani. Da ta gama ta kai kwanonta kicin, ta yi godiyar abinci yadda aka koya wa kowa tun yana yaro.

Asger, kukun gidan, ya tare ta da ludayi a hannu. "Yaya kika ji ta?"

"Ta cika ciki."

"Shi ke nan?"

"Ba na jin ɗanɗano," in ji ta. "Ba laifin miyarka ba ne."

Ta fita. Ya bi ta da kallo har miyar ta kama a gindin tukunya.

Ditte 'yar nan ce, 'yar Kresten masunci. Da uwarta ta kwanta ciwo, ita ce mai matsa mata ƙafafu safe da yamma, har Allah ya yi ikonsa. Tun daga nan komai ya ɗauke mata. Ba kuka, ba dariya, gishiri da sukari duk ɗaya. Likita ya duba bai ga komai ba. Ta zo koyon tausa ne don hannuwanta sun saba, sun rasa abin yi.

A ajin yoga, malamarsu Malou, wata doguwa mai fara'a da ke rungumar kowa, takan sa su kwanta rigingine a ƙarshen darasi, su saki jiki. Kwanciyar gawa ake kiran wannan.

"Ku dubi Ditte!" in ji Malou. "Kai, abin sha'awa! A ina kika koya?"

"Ita kaɗai ce ban koya ba," in ji Ditte.

Aka yi dariya, ana zaton raha take.

Asger kuwa ya sa kansa aiki. Kullum sai ya ajiye mata ɗan abu a gefen faranti: yau citta ɗanya, gobe ganye mai ɗaci, jibi tafarnuwa gasasshiya. Ta cinye, ta girgiza kai. Da ya karɓi lambarta sai abin ya koma waya.

"'Yar Teku, yau barkono na sa miki wanda ya sa Malou hawaye. Labari?"

"Babu. Sannu da ƙoƙari, Ɗan Birni."

"An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni kuwa dafuwa sana'ata ce."

"Kada ka ƙona gas a banza."

Ya karanta wannan ya yi ta murmushi shi kaɗai a kan tulin albasa. Ita ko a jikinta. Sai dai ta lura cewa in an tashi daga ajin tausa ƙafafunta kicin suke kai ta, ta zauna tana fere masa dankali, yana ta zuba, tana saurare. Ba daɗi take ji ba. Wurin ne kawai ba ya mata nauyi.

Da kaka ta kama, ya roƙe ta ta raka shi tudun yashi na bakin teku tsinko 'ya'yan wani itacen ƙaya masu launin lemo. Ƙaya ta soke shi ya fi a ƙirga, yana ihu, ita tana tsinka shiru kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Da suka dawo ya matse su a kofi, ya juya neman zuma. Kafin ya waiwayo ta kurɓa.

Fuskarta ta tattare. Idanunta suka rufe. Ta daɗe riƙe da kofin.

"Tsami," ta ce a hankali.

"Kin ji? Ditte, kin ji?"

Ta sake kurɓa, ta dube shi ido cikin ido.

"Ba laifi."

To, mu mutanen yamma mun san nauyin wannan magana. Mutum ya kamo kifi cike da jirgi, ka tambaye shi, ya ce ba laifi. A haifa masa jika, ya leƙa, ya ce ba laifi. Iyakar yabonmu ke nan, wanda ya wuce haka muna zargin ko ya sha wani abu. Amma Asger a inda ya tashi, ba laifi ake ce wa burodin jiya. Ya yi murmushin yaƙe, ya ajiye zumar.

Wata Lahadi ta kai shi gida. Kresten yana bakin ƙofa cikin kayan coci, ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne mai dafa ciyawar?"

"Ni ne, Kresten. Har da wake."

"An ce da safe kuna ɗaga hannu kuna gaida rana."

"Miƙa ce kawai, sunan ne haka."

"Teku ta ci ƙanena, asibiti ya ci matata," in ji tsohon. "Ba zan ba masu gaida rana 'yata ba. Ka iya gyaran kifi?"

Bai iya ba, amma ya karɓi wuƙa da kwandon kifi. Ya yi kaca-kaca da kifin, ya yanke yatsa, amma bai ajiye wuƙar ba sai da ya gama kwandon. Aka zauna cin abinci. Da aka kawo kofi Ditte ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Baba, wannan kofin ya yi ɗaci."

Kresten ya ɗago ya dube ta. Da suka tashi tafiya Asger ya ji tsohon yana ce mata a bakin mota, "Na ga waɗanda suka fi shi muni."

Asger ya ɗauki wannan a matsayin kushe. Washegari da hantsi, bayan ya ɗora tukunya, ya zauna ya rubuta mata abin da ke cinsa.

"'Yar Teku, na san babanki ba ya so na, kuma ban san ko ke kina so na ba. Ni dai tun ranar kabewa ban sake dafa komai don kowa ba sai ke. Ina sonki. Ina so in aure ki, in yi ta ajiye miki abu a gefen faranti har mu tsufa. Ko kin ji ɗanɗano ko ba ki ji ba, ni na ji ki. Ki faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka."

Ditte ta karanta a bayan ajin tausa, hannunta duk mai. Wani abu ya motsa mata a ƙirji, kamar ƙafar da ta yi barci ta fara farkawa. Ta nemi magana mafi girma da ta sani, ta aika.

"Na karanta. Ba laifi. Ba laifi ko kaɗan."

Ita a wajenta ta amsa aure ke nan, saura sa rana. Shi kuwa ya karanta, ya fahimce ta da yaren birni. Ya ce a ransa yarinya ce mai ladabi, ba ta son ta ce a'a kai tsaye. Ya rubuta, "Na gane. Na gode." Ta ga haka ta ce madalla, ya gane.

Da rana ta duba gefen farantinta, ba komai. Washegari ma haka. Ta je kicin fere dankali, ta tarar an fere. Malou na zaune a kujerarta tana lasar cokali.

"Wayyo Asger, za ka kashe ni da daɗi! Ditte, kin ji labari? Zan buɗe wurina a Kopenhagen, kuma na sace muku kuku. In kun gama zangon nan tare za mu tafi."

Ditte ta dubi Asger. Yana yanka karas, bai ɗago ba.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji ta.

Ba ta tambaye shi dalili ba, don ba ta san ana tambaya ba. Ta ɗauka ya sami amsar da yake nema, ya duba, ya ga bai so. Ta koma yadda take. Tana tashi, tana miƙa, tana tausar bayan wanda aka kwantar mata, tana cin abin da aka zuba. Sai dai shirun yanzu ba irin na da ba ne, akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ke suka in ta ji dariya daga kicin. Ta fi son na da.

Ranar da aka gama zango Kresten ya zo ɗaukarta. Ya sa jakarta a mota, ya tsaya yana waige-waige.

"Ina mai ciyawar?"

"Zai koma birni, Baba. Da malamar yoga."

"Me kika yi masa?"

Ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya karanta na Asger yana tsaki saboda tsawonsa, ya karanta nata. Ya sake karantawa.

"Har da ko kaɗan?" in ji shi. "Ke Ditte, ba kunya? Uwarki ko rabin wannan ba ta ce min ba, na je na sayi zobe."

"To ga shi zai tafi."

Tsohon ya sake duban wayar. Can ya cire tabarau.

"Yaron nan ɗan Kopenhagen ne. Su sai an tauna an sa musu a baki. Bai ji abin da kika ce ba."

"Ai kai ka ce ba ka so."

"Har yanzu ban so gaisuwar ranar nan ba. Amma ran nan kin kushe min kofi. Tun da muka binne uwarki ba ki kushe komai ba. Wuce mu je."

Asger na naɗe wuƙaƙensa a zane sai ga su. Kresten ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai gudun kada ƙamshin wake ya kama shi.

"Kai. 'Yata ta ce maka ba laifi. A garin nan gaba da wannan sai suma. Ni ma na ce na ga waɗanda suka fi ka muni, me kake so kuma, in yi rawa?" Ya juya wajen Ditte. "Faɗa masa da yarensu. Ni ina cikin mota."

Suka rage su biyu. Maganar ta yi wa Ditte girma a baki kamar takalmin aro.

"Asger, da ka daina ajiye min abu a faranti, na ji zafi." Ta dafa ƙirjinta. "A nan. Zafi sosai. Na daɗe ban ji komai ba, sai ga shi abin da na fara ji ke nan, kuma kai ka jawo. Ban ji daɗinsa ba, amma ba na so ya tafi. Kai ma ba na so ka tafi."

Ya ajiye wuƙaƙen. "'Yar Teku, wato e kika ce?"

"Tun ran nan. Ina sonka. To, na faɗa. Kada ka sa in maimaita, mutane na ji."

"Ni kuwa na yi ta kuka a kan karas ina cewa albasa ce."

Ta kama hannunsa, wanda kifi ya sa ya yanke, ta riƙe da hannu biyu. Ta ce ba ta yi masa alkawarin ta warke ba, akwai ranakun da har yanzu take tashi kamar itace. Ya ce a irin waɗannan ranakun zai dafa, ta ci, ba sai ta ce komai ba.

Malou ta yi fushin yini ɗaya na rasa kuku, sannan ta rungume su duka biyun ta ce dama ita ta gani tun farko. Ba ta gani ba.

Da bazara aka ɗaura aure a ƙaramin cocin garinsu, don sharaɗin Kresten ke nan, rana kuma in Asger zai gaishe ta ya yi inda ba a ganinsa. Iska ta kusa tafiya da mayafin amarya. A wajen walima aka jera soyayyen kifi a gefe ɗaya, wake da ganye a ɗaya gefen, kowane dangi ya tsare nasa, sai daga baya aka fara satar ɗanɗana na juna. Abokan ango suka ɗaga shi sama, suka cire masa takalmi, suka yanke bakin safarsa da almakashi, kamar yadda al'adar biki take a nan.

Sannan uban amarya ya buga cokali a kofi, ya miƙe. Aka yi tsit. Ya daɗe a tsaye har wasu suka fara duban ƙasa.

"Uwarta ce ta iya irin wannan magana," in ji shi. "Ni ban iya ba. Da ta rasu na ɗauka mace ɗaya na binne. Sai na zo gida na tarar biyu ne." Ya dubi Asger. "Ka dawo min da ɗaya. Ubangiji ya yi muku albarka."

Ya zauna da sauri ya kama cin dankali.

Ditte ta kifa kai a kafaɗar mijinta, kukan ya zo mata gaba ɗaya, da ƙarfi, na uwarta da nata. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Asger ya riƙe ta, ƙafarsa a ƙasa da yagaggiyar safa, har ta gaji don kanta.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa 'ya'yan su ji yaren gidajen biyu.