Kujerar Tsawa

Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin mugun shugaba ya san wani ciwo da likita bai san shi ba. Yana kama mutum tun daga bakin ƙofar ma'aikata, ba ya sakinsa sai an tashi. Ni ban ga laifin wanda ya nemi magani ba. Inda aka je neman ne abin dubawa.

Mutumin da zan ba ku labarinsa mayanki ne a wata masana'antar ɗinka kayan ma'aikata da na 'yan makaranta. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye gaban dogon tebur yana yanka yadi, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa na ce masa Almakashi. Manajan wurin kuwa Tsawa ake ce masa, a bayan idonsa. Ba a taɓa jin ya ce wa kowa sannu da aiki ba. Amma a cikin mutum saba'in, Almakashi ya zaɓa ya sa wa ido. Sai ya ba shi awo da baki, idan an yanka ya ce ba haka ya faɗa ba, ya tsayar da kekunan ɗinki duka, ya ɗaga yadin sama kowa ya gani.

"Ku dubi aikin ƙato, uban 'ya'ya! Jaki ma da an ba shi almakashi da ya fi wannan."

Almakashi ya sunkuyar da kai, kunnuwansa na zafi. Ya koma gida abinci ya ƙi wucewa.

Akwai wani dattijo mai gyaran kekunan, Baba Makaniki, wanda ya sha jan shi gefe. "Ɗana, sayi ɗan littafi. Duk awon da ya ba ka, rubuta a gabansa, ka ce ranka ya daɗe sa hannu. In ya ƙi, kira mutum biyu su ji. Kana yi kana neman wani wurin a hankali."

Shawara ce mai kyau, amma tana da jinkiri, shi kuwa zuciyarsa ta riga ta wuce neman kariya. So yake ya ga Tsawa a ƙasa, shi a sama, da motar da gidan da komai. Ana cikin haka direban Tsawa ya same shi a bakin famfo yana wanke fuska, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wallahi kana ba ni tausayi. Na san wani mutum."

Da rana tsaka ya je, a lokacin hutun cin abinci. Bayan wata tsohuwar ma'aikatar bulo da aka daina amfani da ita akwai ɗaki marar taga. Da ya shiga sai da ya tsaya idonsa ya saba da duhu, sannan ya ga abin da ke bisa kansa: kujeru ne rataye a rufin, ƙafafunsu a sama, na ofis da na katako da masu juyawa, kowace an ɗaure ta da jan ƙyalle. Babu iska a ɗakin, amma suna lilo a hankali. A tsakiya akwai tukunyar ƙasa cike da baƙin ruwa, gefenta wani siririn mutum zaune yana zura zare a allura. Bai ɗago ba.

"Ka kawo?"

Almakashi ya miƙa abin da direban ya ce a kawo, ya kuma samo masa: zare ɗaya daga wuyan rigar Tsawa, da ƙusa ɗaya daga ƙarƙashin kujerarsa.

"Kariya kake so ko kujera?"

"Kujera."

"Kariya ta fi araha."

"Na ce kujera."

Bokan ya yi murmushi, haƙoransa ƙanana kamar na jariri. "Kujera tana ci. Mutum take ci."

Almakashi ya ja da baya. "Ni ba zan yanka kowa ba. Ba zan kawo jinin kowa ba."

"Wa ya ce ka yanka? Ba na zaɓa mata, kai ne za ka nuna mata."

"To ba zan nuna kowa ba."

"To kada ka nuna."

Almakashi ya yi lissafinsa, ya ga ai ya yi wa boka wayo. Ya ce ya yarda.

Bokan ya ciro busasshen harshen dabba daga wata jaka, ya soke shi da ƙusar, ya ɗinke shi da zaren nan, ɗinki bakwai, yana kiran wasu sunaye da ba na mutane ba. Sannan ya ɗebo zuma a cokali ya ce a buɗe baki. "Kada ka haɗiye. Riƙe ta har ka ji daɗinta, sannan ka tofa a tukunya." Da ya tofa, ruwan ya yi tafasa ɗaya ba wuta, kujerun rufin suka tsaya cik. Tun daga ranar Almakashi bai sake jin zaƙin komai a bakinsa ba.

Kafin sati ya zagayo, wata babbar kwangila ta lalace a hannun Tsawa. Masu kamfanin suka taru suka sallame shi, kuma abin da ya ba kowa mamaki, suka tsallake mutum huɗu suka ɗora mayanki. Waɗanda suka ga fitar Tsawa sun ce yana tafe yana hawaye yana dariya, har ya riƙe hannun mai gadi ya yi masa godiya.

Arziki ya zo kamar an ɓalle famfo. Kwangila kan kwangila, keke saba'in suka zama ɗari biyu. Aka ba shi kaso a kamfanin. Ya tashi daga ɗaki biyu na haya ya koma gida mai bene, ya sa babban ɗansa a makaranta mai tsada. Ya kuma rantse shi ba zai zama irin Tsawa ba.

Ranar da aka kafa sababbin kekuna, ya tara ma'aikata ya dafa kafaɗar Baba Makaniki. "Wannan bawan Allah uba ne a gare ni. Babu kamarsa a wurin nan." Aka tafa. Washegari aka sami dattijon a durƙushe gaban keke, sukundireba a hannunsa, ya riga ya yi sanyi. Aka ce tsufa ne.

Bayan wata biyu, matarsa ta yi masa kwalliya ranar da suka tare a sabon gida. Ya dube ta ya tuna shekarun da ta yi tana wanki da hannu ba ta taɓa yi masa gori ba, ya ce, "Uwar yara, Allah ya saka miki. Ban taɓa gaya miki ba, amma ke ce gidan nan." Ta yi dariya ta rufe fuska. Kwana uku ta yi tana cewa wani abu mai nauyi na zaune a ƙirjinta. A na huɗu aka kai ta makwancinta.

Sai ƙanensa, wanda ya riƙe masa yara lokacin zaman makoki. Ya ce masa na gode, ɗan'uwa na gari. Shi bai mutu ba. Ya wayi gari yana tsoron kujeru, ko ya ga benci sai ya kurma ihu, har yau a ƙasa yake zama a asibitin masu taɓin hankali.

Nan Almakashi ya fara zargin kujerar. Ya koma bayan ma'aikatar bulo, ya tarar da ɗakin a buɗe, babu tukunya babu kujeru, sai kashin awaki. Ya yi ta cigiya har aka nuna masa inda Tsawa yake: wani ɗan shago a bakin titi, yana ɗinkin faci da tsohon keke. Ya rame, amma fuskarsa ta saki. Wata mata ta karɓi ɗinkinta, ya bi ta da godiya har sau uku.

"Na san za ka zo," in ji shi. "Nawa ta ci?"

"Biyu. Da ƙanena."

"Ni biyar ta ci kafin na gane. Duk wanda ka yaba, duk wanda ka gode wa, duk wanda ka sa wa albarka, shi ka nuna mata. Ka ɗauka haka aka haife ni da baƙin hali? Ina zaginsu ne don su kwana da rai."

"To ni fa? Ni da ka fi tsana?"

Tsawa ya kau da kai. "Ba ta sakin mutum sai wani na ƙasa da shi ya tsane shi har ya je ya nemi kujerar da ƙafarsa. Na duba duk ma'aikatan, na ga kai ne mai zuciya da kwaɗayi. Ni na aiko direba. Ka yafe mini in za ka iya. Kuma ka kiyaye: muddin kana kanta, duk wanda ka faɗa wa sirrin nan, shi ma ka nuna shi."

Almakashi ya koma gida ya tarar da babban ɗansa na jiransa a falo da takardar sakamako, ya zo na ɗaya. Yaron na murmushi irin na uwarsa. Maganar ta taso wa uban har maƙogwaro, ya danne ta, ya jefar da takardar.

"Wannan ne abin da za ka tare ni da shi? Tashi ka ba ni wuri."

Haka aka shekara goma sha biyu. Yaron ya girma, ya gama karatu, ya shigo kamfanin, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Bai taɓa jin kalma mai daɗi ɗaya daga bakin ubansa ba. Kakan bai taɓa ɗaukar jikar ba, don yana tsoron abin da zai kuɓuce masa. In ta rarrafo wajensa sai ya daka tsawa a ɗauke ta, ya shige ɗaki ya kulle ya yi kuka. A masana'anta kuwa an daɗe ana ce masa Tsawa, sunan wanda ya gada.

Da ya ga ƙarfinsa na ƙarewa, sai ya yi abin da aka yi masa. Ya zaɓi wani mayanki mai shiru-shiru, ya sa shi gaba. Awo da baki, musu, tsayar da kekuna, zagi a gaban jama'a. Ya kuma sa direbansa ya riƙa yaɗa labarin wani mutum a bayan ma'aikatar bulo, don ya tabbata ɗakin zai buɗe wa mai nema. Direban ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi, ya faɗa a bakin famfo, ya faɗa a bakin ƙofa, ya faɗa a cikin mota.

Wata safiya Almakashi ya zauna, kujerar ta ɗan girgiɗa. Ya leƙa ƙasa, ƙusa ɗaya babu. Ya shafa wuyan rigarsa, ya ji inda aka zare zare. Daɗi ya kama shi.

Ana nan sai mayankin ya yi sallama, riƙe da ɗan littafi da takarda.

"Ranka ya daɗe, na sami aiki a wani wuri. Ga takardar ajiye aiki. Wannan littafin kuma duk awon da ka ba ni ne, da rana da shaidu. Na kai wa masu kamfani kwafi, don kada a ce na ɓata kaya."

"Kai ka cire ƙusar?"

"Wace ƙusa, ranka ya daɗe?"

Ya fita abinsa, lafiya lau, bai ko waiwayo ba.

Kafin azahar masu kamfanin suka kira taro. Suka ce sun ga littafin, sun gaji, ya huta haka nan. Sun riga sun zaɓi wanda zai hau, kuma ai ba bare ba ne, ya kamata ya yi farin ciki.

A nan take ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ya ji zaƙi-zaƙi a harshensa karon farko cikin shekaru. Sai kuma ya gane. A gidansa ne kawai ake iya kaiwa ga wuyan rigarsa.

Ya fita da gudu, dattijo da furfura, yana ture mutane a tsakanin kekuna, yana kiran ɗansa da sunan da rabonsa da kiransa da shi tun yana goye. Ya hango shi ta ƙofar ofis, zaune a kan kujerar. Surukarsa ta kawo yarinyar ta ga ofishin babanta. Ɗan ya ɗaga ta sama yana dariya, yana faɗi da ƙarfi don uban ya ji:

"Ni ba zan yi miki yadda aka yi mini ba. Kullum sai na gaya miki. 'Yar albarka! Babu kamarki a duniya!"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta sa ɗan hannunta a ƙirji ta yamutsa fuska.

An rufe masana'antar tun tuni, awaki ke kwana a kan dogon teburin yanka. Ɗan ya bar garin, ba a san inda ya nufa ba. Uban yana nan yana yawo a titi ba takalmi, duk wanda ya gamu da shi sai ya riƙe masa hannu ya ce sannu da aiki, Allah ya yi albarka, yana kuka. Mutane na fizge hannunsu su wuce.

Saboda haka kai da shugabanka ya hana ka barci, ka saurare ni. Sayi littafinka, nemi shaidunka, kai ƙara inda ake kaiwa, in ta ƙi ka ɗauki kayanka ka bar musu wurinsu da mutuncinka. Amma duk ranar da wani ya matso kusa da kunnenka ya ce ya san wani mutum, ka tambayi kanka wa ya aiko shi. Kwaɗayin kujera ba ya tsayawa a kan mai kwaɗayin, gidansa yake fara shiga.