Bishiyar da Salihu Ya Zana

Ana dab da magariba dutsen farko ya bugi tagar. Rekiya na kicin tana soya albasa, 'yarsu Saffana na kwance a kan kafet tana aikin makaranta, shi kuwa maigidan, Salihu, yana tsaye gaban zanensa da burushi a hannu. Duk suka ɗago kai. Gidan nasu a hawa na goma sha huɗu yake, a wani dogon bene na unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou, kuma babu hannun ɗan Adam da zai jefo dutse ya kai nan.

"Tsuntsu ne," in ji Salihu, bai ko waiwaya ba.

Na biyu ya biyo baya, sannan na uku. Da Rekiya ta buɗe tagar sai ta tarar da tsakuwoyi uku a jere a bakinta, jiƙe sharkaf, suna warin taɓon kududdufi. Ta rufe a hankali, amma albasarta ta ƙone a daren nan.

Shekarar Salihu tara a Guangzhou yana sayen jakunkunan fata a garin Shiling yana aikawa Kano. Ranar hutu, sa'ad da abokansa ke hira a gidajen abinci, shi zane da fentin mai yake sawa a gaba. Lemo uku a faranti, butar shayi, gonar shinkafa bayan ruwan sama, irin abin da yake zanawa ke nan. Rekiya kan yi mita cewa a gidanta mangwaro sai ya ruɓe kafin a ba shi izinin shiga baki. Maganar gaskiya, yawancin zanen nasa sai mai ƙaunarsa ne zai yaba. Amma yana da abin taƙama guda, wanda ba ya gajiya da faɗa wa baƙi: shi bai taɓa zana mai rai ba.

Wannan zanen na ƙarshe ne ya fita daban. A hanyar Shiling, bayan wani ƙauye da ake rushewa, ya ga wata tsohuwar bishiya mai kama da ceɗiya a bakin kududdufi, saiwoyinta na reto daga sama, mutanen wurin sun ɗaɗɗaura mata jajayen ƙyallaye. Wani zai ga ƙyallayen nan ya ja da baya. Salihu kuwa abin da ya gani shi ne yadda jan ya dace da koren. Yamma uku ya yi yana ajiye mota yana zama gabanta har rana ta faɗi, kuma a karon farko a rayuwarsa hannunsa ya bi abin da idonsa ya gani.

Washegarin jifan, daidai wannan lokaci, Saffana ta ɗago daga littafinta.

"Umma, wa ya kashe fitila?"

Fitila na kunne. Idanun yarinyar a buɗe suke tar, hawaye na zuba, kuma hawayen warin kananzir suke yi.

Da gari ya waye ganinta ya dawo. Amma kullum sai duhun ya riga na jiya zuwa: daga magariba ya koma la'asar, daga la'asar ya koma azahar. A asibiti likita ya haska, ya auna, ya juya hannu ya ce meyo, wato babu komai. Rekiya ta fara lissafin sa'o'in da suka rage wa 'yarta ta ga fuskarta, tana yi tana kuka a banɗaki don kada a ji. Zanen kuma ya ƙi bushewa. Kwana ashirin, in ka taɓa shi sai ya kama maka yatsa kamar yanzu aka shafa. Da almuru, in gidan ya yi shiru, sai a ji kukan ƙaramin yaro can ƙasa-ƙasa daga kusurwar da aka jingine shi.

Ranar da Saffana ta tashi da safe ba ta ga komai ba, Salihu ya je ya ɗauko Malam Tankari, wani dattijo ɗan Maraɗi mai aika kaya ta jirgi, wanda kowa a Xiaobei ya san ba sana'ar ce kaɗai a kansa ba. Sun iso rana na shirin faɗuwa. Malam bai dubi yarinyar ba tukuna. Zanen ya tsaya yana kallo, ya daɗe.

"Alhaji, ina ka samo wanga icce?"

Salihu ya faɗa masa. Malam ya girgiza kai, ya yi alwala, ya zauna kusa da kan Saffana ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta tsayawa. Ɗakin ya yi sanyi. Can yarinyar ta miƙe zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba, ta juya fuskarta sak inda ubanta yake, ita da ba ta gani.

"Ga mai zanen," ta ce, da muryar tsohuwar mace.

"Ke wace ce, kuma mi kika so ga ɗiyar mutane?" Malam ya tambaya.

"Tambaye shi. Kwana uku yana zaune a ƙofar gidana yana ƙare mana kallo, ko sallama babu. Na ƙyale shi, baƙo ne."

"Wallahi ban ga kowa ba," Salihu ya ce. "Ni ba na zana mai rai."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Da ka gama, me ka yi da man da ka wanke burushinka?"

Nan take ya tuna. Gwangwanin man nan mai warin kananzir, da ya yi baƙi da fenti, ya tuttule shi a wani rami a gindin bishiyar, ana magariba, yana sauri kada cunkoso ya kama shi. Shi da tun yana yaro uwarsa ta hana shi zubar da ko ruwan zafi ba bismilla, ranar nan bai yi ba. A zatonsa wannan ka'idar ta gida ce, ba ta hau jirgi ta biyo shi ba.

"Ɗana yana kwance a ramin yana kallon sama," ta ce. "Ido ka ɓata, ido zan tafi da shi."

"Ɗiyar ba ta yi miki komi ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Wanda ya halicce ki, ki fita." Ya juyo ga Salihu ya rage murya. "Alhaji, komi ta ce kada ka amsa mata. Ka jiya?"

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Saffana ta fara birgima tana ihu da murya biyu, Rekiya na riƙe da ƙafafunta. Tsakuwa ta dinga sauka a kan tagar ba ƙaƙƙautawa.

"Ƙona ni, Malam!" tsohuwar ta yi kururuwa. "Zan ƙone da idanunta a hannuna!" Sai muryar ta sauko, ta yi taushi, ta nufi uban. "Ko kuma wanda ya zuba ya bayar. Ba duka ba. Zan bar masa abin da zai ga hanya ya ciyar da iyalinsa. Launi kawai zan ɗauka, tunda shi ya kawo shi ƙofata."

Malam ya ɗaga hannu yana hana shi, bai katse ayar ba. Salihu ya ga hannun. Ya kuma ga 'yarsa, shekara goma sha uku, tana laluben iska tana kiran Abba da muryarta ta gaske. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, kuma ba don kansa ba.

"Na yarda," ya ce.

Karatun ya tsaya. Jifan ya tsaya. Saffana ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Malam Tankari ya sunkuyar da kai ya yi salati, bai dubi Salihu ba.

An ɗan jima kafin Saffana ta buɗe ido. Ta kalli silin, ta kalli uwarta, ta fashe da kuka tana shafa mata fuska. Sannan ta juyo wajen ubanta, ta yi murmushin gajiya.

"Abba, dubi rigarka. Duk ka ɓata ta da jan fenti."

Salihu ya duƙar da kai ya duba. Ya ga rigar, ya ga tabon, ya ga har zaren ɗinkin, komai fes, komai kalar toka. Rekiya na kallonsa, hannunta a kan baki.

"Ƙyale shi, Saffana," ya ce, ya jawo ta jikinsa. "Zai wanku."